Zuwa Ga Autana a Kano, Kan Batun Cikinsa

Auta,

Muna lafiya a nan Kwandiko. An gama yankan gero, riɗi ma mun kaɗe shi, saura dawa. Kowa yana gaishe ka.

Yayarka ta nuna mana hoton da ka turo mata, kana zaune a wani gidan abinci mai gilasai a Titin Gidan Zoo, da shawarma a hannu. Ni takalminka na tsaya kallo. Innarka kuwa ta daɗe riƙe da wayar, sannan ta ce wuyanka ya yi tsawo, wato ka rame. Tun daga ranar take damuna in rubuto maka, don ta san a waya "lafiya lau" kawai za ka ce, ka kashe.

Ka san yadda muka taso. A ƙauye magidanci ba ya cin tuwon kasuwa, sai dai matafiyi ko gwauro, kuma ko tsire mutum ya saya a kasuwar Sara, ƙunshe shi yake yi ya kawo gida a raba. Birni ba haka yake ba. Wanda ya fita tun asuba bai dawo ba sai bayan isha'i, dole ya ci a waje, ba abin kunya a ciki. Ni ma na ci. Shekarun da nake zuwa ci-rani Kano, tun kafin a cire Jigawa daga cikinta a 1991, wata dattijuwa ce a bayan Kasuwar Kurmi take ciyar da mu. Tuwon dawa da miyar kuka, wani lokaci da ɗan tantaƙwashi a kai. Ta san sunan kowannenmu da garinsu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ban je ba, kunun tsamiya ta aiko jikanta ya kawo mini har shagon da muke kwana. Allah Ya jiƙanta. Irin wannan wurin nake so ka nema, inda idan ba a gan ka ba za a tambaya.

Ban hana ka shiga manyan wurare ba. Ka shiga Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, ka ga duniya, ka ɗanɗana abincin Kwarori a Nassarawa da Bompai, ka ci shinkafar Larabawa in an gayyace ka. Amma ka yi lissafi. Kuɗin faranti ɗaya a irin waɗannan wurare ya fi na kwanon gero, kuma kwanon gero ka san bakin da yake ciyarwa a gidanmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har kantin Shoprite da ke cikin Ado Bayero Mall ɗin ya rufe a farkon 2024. Idan masu manyan jari sun ji a jikinsu, ina ga kai da ka fara ɗaukar albashi jiya-jiya? Abin da nake tsoro shi ne ka ci kaza a farkon wata don abokai su gani, ka ƙare shi da garin kwaki.

Kuma abincin Kano na gaskiya ba a bayan gilashi yake ba. Ka shiga cikin gari wajen Jakara da safe, inda mata suka gaji gasa gurasa a tanderu tun kaka da kakanni, ka saye ta da zafinta. Ka sa a yi maka bandashe, a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Wannan za ta riƙe ka har la'asar, da kuɗi kaɗan. Kilishi kuwa, ka tambayi unguwar Agadasawa. Da rana ga ɗanwake, ga garau-garau da mai da yaji, ga fura da nono in rana ta take. In ka shiga Sabon Gari za ka tarar da abincin mutanen Kudu, sakwara da miyar agushi da teba. Na yi ciniki da su shekaru, akwai mutanen kirki sosai a cikinsu. Sai dai ka tambayi wanda ya yanka naman, ba rashin kunya ba ne, kuma inda ka ga ana sayar da giya ka wuce.

Na san halinka da yaji. Tun kana ƙarami kake satar na Innarka a gwangwani, ka zo idanu jajur kana rantsuwa hayaƙi ne. Yanzu babu mai ƙwace maka, sai ka riƙe kanka. An ce mini kuma kullum dare kana teburin mai shayi, Indomie da ƙwai, ana musun Kano Pillars da siyasa har ƙarfe goma sha biyu. Hirar ba laifi. Amma Indomie ba ta gina jikin mai aiki, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko sau biyu a mako ka nemi tuwo da miyar ganye.

Ga abin da ya fi hana ni barci. Kafin ka zauna a kowane wuri, ka leƙa inda ake wanke kwanuka. In ruwa ɗaya ne a baho tun safe, ya yi kauri, ka tashi ko da miyar tana ƙamshi. Ka ci abinci yana tururi, kada ka karɓi shinkafar da ta kwana ko naman da ƙuda ya gama sauka a kai. Ba ka manta da daminar 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya ratsa Jigawa da Kano da Bauchi, muka yi ta jigilar mutane zuwa asibiti a Birnin Kudu. A 2021 ɗin dai, gab da azumi, mutane suka mutu a Kano, ɗaruruwa suka kwanta, saboda abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Don haka zoɓo da lemon ƙulli na leda, in ba ka san hannun da ya haɗa ba, ka haƙura. Araha ba ta ado.

Sai kuma maganar ci kai kaɗai. A gidan nan ba ka taɓa sa hannu a kwano ba sai da 'yan uwanka a gefe. Na ji a birni kowa da farantinsa da cokalinsa, ido a waya. Kada ka saba da haka. Ka ce wa na kusa da kai bismillah ko da ba zai ci ba. In almajiri ya tsaya a kanka, kada ka jira sai ka ƙoshi ka miƙa masa saura, ka ɗebar masa tun farko, shi ma ɗan wani ne da ke can ƙauye yana tunaninsa. Bashin mai abinci kuma ka biya ranar da ka yi alkawari. Jarinta ƙarami ne, da shi take komawa kasuwa gobe.

Gwaggonka tana nan Kurna, ta ce sau ɗaya ka taɓa zuwa. Ka riƙa kai mata Juma'a, ka ci na gida, ka riƙe wa yara ko lemo ne. Zancen aure ban ɗauko shi yau ba, amma Innarka ta ce in gaya maka ita ba ta ajiye shi ba.

Innarka ta haɗa maka kuka da daddawa da yajin citta da dambun nama, za mu ba direban da ke tasowa daga Birnin Kudu ranar Asabar. Ka bar wayarka a kunne, zai kira ka in ya wuce Wudil. In saƙon ya iso ka kira ta da kanka, ka faɗa mata abin da ka ci ranar.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mana kai.

Ni ne,
Babanka
Kwandiko, Ƙaramar Hukumar Gwaram