Wa ya sha gaban wa?

A gindin masu tsire na Briqueterie, bayan sallar isha'i, musu ya kaure tsakaninmu a kan kalma guda. Wani ƙanenmu da ke jan mota tsakanin Yawunde da Bamenda ne ya ce motar gabansa ta yi "obatekin" a kan kwana. Yaranmu 'yan makarantar Faransanci suka ce su "duble" suka sani. Dattijon cikinmu kuwa ya ce duk surutu ne, ai Bahaushe shan gaba ya ce tun ba a ƙera mota ba.

To, kalmar dai ta Ingilishi ce, overtake, bakinmu ne ya lanƙwasa ta. A wajen tuƙi ma'anarta ka tarar da motar da kuka nufi waje guda, ka fita daga bayanta, ka wuce, ka dawo hannunka. A Ingila hagu ake bi, sai a wuce ta dama. Mu nan Kamaru dama muke bi, don haka ta hagu muke wucewa. Yankin masu Ingilishi ma hagu yake bi a zamanin Turawan Ingila, sai a 1961 da aka haɗe ƙasa ya dawo dama. Nijeriya ta sauya a 1972.

Wani malamin makaranta da ke zaune da mu ya ce ba a mota kaɗai kalmar ta tsaya ba. Da ita jaridu suka ce Sin ta sha gaban Japan a arziki a 2010. Amma, in ji shi, tana da wata fuskar da direbobi ba su sani ba. In Bature ya ce dare ya yi masa wannan abu, ba wuce shi ya yi ba, riskarsa ya yi a hanya bai shirya ba. Haka yake faɗa wa barci, da tsoro, har da ajali.

Nan fa hira ta yi sanyi, don kowa ya san wanda ya faɗo mana a rai. Maƙwabcinmu ne, mai sayar da yadi, ya tafi saro kaya Duwala, tafiyar kilomita wajen 240. Bayan Bumnyebel direbansu ya gaji da bin motar katako, ya fita zai sha gabanta a kan tudu, ashe wata na tafe. Washegari muka sallace shi a babban masallaci. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Allah ya jiƙansa.

Muka shiga zagin direbobi, kowa da nasa. Ƙanen nan namu ya bari sai da muka gaji, sannan ya ce, "Yayyena, ku yi mini afuwa, amma in na bi bayan babbar mota minti goma, wa ke cewa direba taka mana, ko jaki muka hau? Ba ku ba ne?"

Babu wanda ya tanka masa. Dattijo ya kira mai tsire ya ƙunshe masa sauran, ya ce dare ya yi.