Cinikin Sassaƙen Mumuye da Tukwanen Kaburburan Ƙasar Zuru

Akwai wani ciniki da muka daɗe muna son mu yi magana a kansa, domin ya shafi fatakenmu, ya kuma shafi maƙwabtanmu a nan Bena da sauran ƙasar Zuru.

Mumuye mutane ne da ke zaune a duwatsun Zing da Yorro, cikin Jihar Taraba ta yanzu. Masassaƙansu sukan fito da siffar mutum daga itace guda, mai dogon wuya da ƙaramin kai, hannuwa sun sauko sun kewaye jiki kamar an naɗa su. Bokaye da masu magani da masu roƙon ruwa ke ajiye su a ɗaki, ba kowa ke ganinsu ba. Zamanin yaƙin basasa, watau 1967 zuwa 1970, aka kwashe su da yawa ta hanyar Kamaru zuwa kasuwannin Faransa da Amurka. Cikin masu shiga ƙauyuka suna saye da araha kuwa, har da fataken Hausawa.

To, abin bai yi mana nisa ba. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suna da tukwanen da mata ke ginawa da siffar mutane da dabbobi, ana ɗora su bisa kaburburan manya, kamar sarakuna da mafarauta da gwanayen kokawa. Su ma Turawa sun ga kyansu, yau ga su birjik a gidajen tarihi na ƙetare.

Mun sha jin ɗan kasuwa yana cewa ai gumaka ne, raba mutane da su lada ne. Wannan hujja ba ta tsayawa. Bukhari da Muslimu sun ruwaito daga Jabir cewa a shekarar buɗe Makka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haramta sayar da gumaka. In kuwa ka tabbata gunki ne, yaya za ka ci kuɗinsa? Sa'an nan tukunyar da aka ɗauke da dare daga kan kabari sata ce, ko mai ita Musulmi ne ko ba Musulmi ba, kuma wanda ya saya yana sane ya yi tarayya da ɓarawo. Waɗannan mutane da su muke cin kasuwar shanu, da yawansu ma sahu ɗaya muke tsayawa, kuma kakanninsu ne ke kwance a wurin.

Ma'aikatan kwastan da 'yan sanda su tuna, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba tare da takardar izini ba. Wanda ya gaji wani abu irin wannan, zuciyarsa ba ta natsu da ajiye shi ba, sai ya mayar wa dangin masu shi, ko ya miƙa shi ga gidan tarihi irin na Jos, wanda aka buɗe tun 1952.