Kombin Baba

Masu karatu da dama sun sha tare ni a kasuwa, wasu kuma a waya, suna tambayar dalilin da ya sa na yi shekara biyu cur ban fitar da sabon littafi ba, har wata baiwar Allah ta ce ko dai alƙalamin ne ya bushe. To alƙalami bai bushe ba, kuɗin ɗab'in ne na zuba a cikin wata tsohuwar mota. Yau na ga ya dace in fayyace muku yadda aka yi, duk da cewa akwai wurin da labarin ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Motar dai Volkswagen ce, irin wadda ake kira Kombi, ƙirar 1970, mai inji a baya. Ba cikin waɗanda aka harhaɗa a kamfanin Legas take ba, domin shi sai a 1975 ya fara aiki. Baba ya sayo ta ne a garin Gaya ta ƙasar Nijar a 1981, daga hannun wani Bajamushe da matarsa da suka keto Sahara da ita ta Tamanrasset da Agadas. A wancan zamanin haka Turawa 'yan yawon buɗe ido suke yi, su taso da mota daga ƙasarsu, idan sun gama yawo su sayar da ita a Nijar su hau jirgi su koma gida. Lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja, shi ya sa direban haya kamar Baba ya iya tunkarar cinikin, ya shigo da ita ta Kamba, ya biyo ta Bunza da Kalgo har Gwandu.

Inna ta ce ranar da ta iso unguwa ta cika da 'yan kallo, domin kuwa ba mota kaɗai ba ce, ɗaki ce sukutum. Akwai kujerar da ake miƙewa ta zama gado, da kabad na katako, da teburi mai naɗewa, ga kuma rufin da ake turawa sama ya buɗe da tanti, mutum ya miƙe tsaye a ciki. Wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ne yake yi musu wannan aikin. Shi kuwa Baba abinci yake nema da ita, saboda haka ya kwance komai, ya sa aka jera benci, ya ɗaure rufin da noti. Kabad ɗin ya koma ɗakin Inna ta jera tasoshinta, teburin muka riƙa yin aikin makaranta a kai. A shekarar aka haife ni, shi ya sa duk gidan ake ce mini sa'an mota.

Shekara 18 tana jigila tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi da Kalgo, ranar kasuwa kuma har Jega. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka biya mini kuɗin sakandare. Ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, na tuna Baba ya kwashe mu yara ya zaga gari da mu yana ta danna oda. Yana da yaron mota, maraya ne daga Kalgo, ya girme ni da kamar shekara biyar, a zaurenmu yake kwana, kwano ɗaya muke ci. Yaya nake ce masa.

Yanzu ga wurin da ba na son faɗa. A 1999, na gama sakandare ina jin kaina, Baba ya tafi Sakkwato ta'aziyya zai kwana biyu, ya bar makulli a hannun Yaya. Akwai yarinyar da nake nema a Kalgo, sai na dame shi da magiya har ya ba ni makullin, da sharaɗin in dawo kafin Inna ta farga. Na je na yi burgata a ƙofar gidansu. A hanyar dawowa cikin dare sai na ji wani abu ya yi fat a baya, jar fitila ta kama a gabana. Na san abin da take nufi, domin Baba ya sha faɗa a gabana cewa motar nan ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iska ce take sanyaya ta, kuma fambel ɗaya ne yake juya janareto da fankar tare, idan ya tsinke ka ga jar wuta to ka tsaya nan take ko a tsakiyar daji ne. Tsoron asirina ya tonu ya sa na ƙara taka totur. Saura kaɗan in shiga gari injin ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ya mutu. Da ƙafa na je na taso Yaya, muka turo ta har gindin dogon yaron ƙofar gida kafin kiran asalatu.

Da Baba ya dawo ya tara mu a zaure ya tambayi wanda ya fita da ita. Na sunkuyar da kai. Yaya ya dube ni sau ɗaya, shi ma ya yi shiru. Baba ya ce tunda a hannunsa ya bar amana, to ya tattara kayansa. Ina tsaye ya naɗe tabarmarsa ya fita. Kuɗin sabon inji bai taɓa haɗuwa ba, Baba ya koma kamasho a tasha, yana yi wa motocin yaran da ya koya wa tuƙi lodi, har Allah Ya karɓi ransa a 2011. Ni kuwa na zama marubuci, na rubuta littattafai a kan maciya amana da 'yan uba da mugayen kishiyoyi, ana ta yaba mini cewa na iya fito da halin azzalumi.

Shekara 23 motar tana nan gindin bishiya. Tayoyi suka nutse a ƙasa, kaji suka mayar da ita akurki, yara suna wasan direba a ciki. A ƙarshen daminar 2022 'yan gwangwan suka zo suka taya, babban wanmu ya ce a sayar a raba, ai gado ce. Gaskiyarsa ne. Amma da na ga yaron ya ɗauko guduma yana ƙwanƙwasa bodin yana auna nauyin ƙarfe, sai na ji kamar ƙirjina yake duka. Na ce a yi mata kuɗi zan biya kowa rabonsa. Abin da na tara don kai littafina maɗaba'a a Kano shi na miƙa. Uwargida ta yi kwana uku ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa, a na huɗu ta ce, “Malam, ka sayi akurkin kaji da kuɗin littafi, to Allah Ya sa kajin su iya karatu.”

Da farko na ɗauka da waya zan gama komai. Na cika ta da bidiyon Turawa masu gyaran irin motar a YouTube, na sayi sifanu, na sa yara muka share kashin kaji, muka ɗaga ta a kan bulo. Na kankare tsatsa har hannuna ya yi kanta, mai walda ya zo ya yanke ƙasan da ya ruɓe ya sa sabon ƙarfe. Amma da aka zo kan inji sai na tsaya cak. Na kira wani matashin makanike, ya buɗe gaba yana neman injin, da na nuna masa baya kuma ya tambaye ni inda ake zuba ruwa. Wani dattijon direba a tasha ya ce mini, duk yankin nan mutum ɗaya ya rage da ya san cikin Kombi, yana da gareji a Kalgo, kuma ai a gidanku ya koya.

Sati biyu ina juya maganar. Ranar da na je na same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu, gemu ya yi furfura, ya dube ni ya ce, “A'a, ɗan maigida, kai na? Ina Inna?” Ya sa aka kawo mini ruwa da fura. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce motar Baba nake son tayarwa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “Motag ga ba mutuwa ta yi ba, kwana takai. Ina nan tahe ran Lahadi.”

Haka ya riƙa zuwa duk Lahadi a kan babur. Ranar farko ya nuna mini abin da ya ba ni mamaki: noti huɗu ne suka riƙe injin da giya, sai ƙarfen da ya tallafe shi ta baya. Muka sa jak, mu biyu muka jawo shi waje muka ɗora a kan tsohuwar ƙofa a tsakar gida. Ya ce in samo gwangwanayen madara, kowane noti da inda ya fito, a rubuta. Ya ce da kananzir da tsohon buroshi zan fara, sai na wanke kowane ƙarfe kafin ya yarda in taɓa sifana. Na lura yadda yake magana da yadda yake ajiye kaya duk irin na Baba ne.

Da muka cire kan injin na hagu sai ga ɓarnar a fili. Bawul ɗin silinda ta uku ya karye ya faɗa kan fistin ya huda shi. Ya ce a irin wannan ƙirar ita ta ukun ta fi kowacce ɗaukar zafi, saboda abin sanyaya baƙin mai ya tare mata iska, shi ya sa ita take fara ba da kai. Ya juya fistin ɗin a hannunsa ya ce, “Wanga ba aikin minti ɗaya ba na. An yi tahiya mai nisa ba fanka.” Bai dube ni ba. Na ce, “Yaya, ni ne. Na ga jar wutar, na ƙi tsayawa.” Ya ce ai ya sani tun daren, da ya ga fambel ɗin babu. Na ce to me ya hana shi faɗa wa Baba? Ya ce ya ci tuwon gidan shekara bakwai, kuma da ya faɗa ni za a kora daga gida, shi kuwa dama ba shi da gidan da za a kore shi daga ciki. Sannan ya ce in miƙo masa sifana mai lamba 13.

A daren ban yi barci ba. Lahadin da ta biyo na kira babban wanmu, muka shiga ɗakin Inna tare da Yaya, na faɗi komai a gabansu. Inna ta daɗe tana kuka. Abin da ta ce shi ne ya fi yi mini ciwo: har Baba ya rasu, idan aka ambaci yaron sai ya ce bai taɓa zaton zai yi masa haka ba. Na roƙi Yaya gafara, ya ce ya yafe tun tuni. Amma Baba ya tafi da zargin wanda bai ci ba bai sha ba, wannan kam babu sifanar da za ta kwance shi, sai dai istigfari da addu'a.

Aikin ya ci gaba da jan ƙafa. Kan inji na hannu muka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, fistin da silinda sababbi kuwa daga Ladipo ta Legas aka aiko, ƙirar Brazil, domin can ba a daina ƙera Kombi ba sai a Disambar 2013. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tsayar da mu wata biyu. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun shekarar, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, abokai suka riƙa yi mini dariya wai kowa yana jingine mota ni ina tayar da gawa. Yaya bai karɓi ko kwabo ba, ko kuɗin man babur sai da faɗa. Ya koya mini saita bawul da safe injin yana sanyi, tazarar 0.15 na milimita, da jerin wutar fulogi, 1-4-3-2, da canza baƙin mai lita biyu da rabi a kan kari tunda ba ta da filta sai 'yar rariya. Ya sa na canza duk robar mai, ya ce tsohuwar roba ita ke ɗiga a kan inji mai zafi ta ƙone irin waɗannan motoci. Ya kuma hana ni yar da ko ɗaya daga cikin faifan ƙarfen da suka kewaye injin, ya ce su ke bi da iska inda ya kamata.

Wata rana ina fenti sai ga yara sun fito da kabad ɗin nan niƙi-niƙi. Inna ce ta kwashe tasoshinta ta ce a mayar da shi inda aka ciro shi. Ramukan notinsa na 1981 suna nan a jikin motar, ya zauna daram. Kafinta ya yi mana gadon, uwargida da kanta ta ɗinka labule da sabon tanti, ba ta ƙara maganar kaji ba.

Cikin sanyin Janairun 2024 muka sa batir. Na miƙa wa Yaya makulli, ya ce a'a, na ce wallahi shi zai tayar. Sau uku tana tari, a na huɗu ta kama da wannan ƙarar tata ta taf-taf-taf, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Inna ta fito daga ɗaki ba ko takalmi, ta dafa bango ta ce ita fa ta ji kamar Malam ne ya dawo daga tasha. Tafiyar farko mun bi ta gaban hubbaren Shehu Abdullahi muka yi wa Baba addu'a, sannan muka miƙe ta Birnin Kebbi har Kalgo, Yaya yana tuƙi, Inna a gaba, ni a baya wurin yaron mota. A ƙofar garejinsa ta sa aka tsaya, ta fito ta gaya wa yaransa da bakinta cewa maigidansu ɗanta ne.

Yanzu kabad ɗin littattafai ne a ciki. Ranar kasuwa nakan je Jega ko Aliero ko Argungu in buɗe ƙofar gefe in baje, nawa da na sauran marubuta, idan dare ya yi in ɗaga rufi in kwana a ciki. Cinikin ba wani mai yawa ba ne, tunda yawancin masu karatu sun koma waya, amma mutane suna zuwa kallon motar, wasu su tafi da littafi. Fambel biyu nake ajiyewa a ƙarƙashin kujera. Huɗaɗɗen fistin ɗin kuma yana kan teburin da nake rubutu.

Littafin da kuke jira an fara tara kuɗinsa, in Allah Ya yarda yana nan tafe. Wanda ya karanta wannan ya sa mahaifina a addu'a, ya sa Yaya ma.