Cin Zali A Bakin Kwara: Kira Ga Iyayen Yara

Jama'a, duk wanda ya tashi a Malanville ya san cewa yawancin yaranmu a bakin kogi suke koyon iyo, kuma malamansu su ne yaran da suka girme su da shekara biyu ko uku. Da zarar zafi ya kama a watan Maris da Afirilu, sai ka ga yara gungu-gungu sun nufi Kwara, wanda 'yan'uwanmu Dandawa ke kira Isa, kowace unguwa da nata rukuni, kowane rukuni da nasa shugaba. Wannan abu ne mai kyau, domin ɗan bakin kogi da bai iya ruwa ba yana cikin haɗari. Amma akwai wata mummunar ɗabi'a da ke tafe da wannan koyo, wadda iyaye da yawa ke ɗauka wasan yara ne kawai.

Ina nufin yadda manyan yara ke kama sabon shiga su danna kansa cikin ruwa har sai ya ƙware, wai don su cire masa tsoro. Wani lokaci su ɓoye masa riga da wando ya koma gida yana kuka, ko su tilasta masa ya kai ga kwalekwalen da aka ɗaure can ciki, in ya ƙi su laƙaba masa sunan matsoraci. Ɗan baƙo da bai ji Dandanci ko Hausa sosai ba ya fi kowa shan wuya. 'Yan mata masu zuwa wanki su ma ba su tsira ba, don akwai masu ɗauke musu zane suna dariya.

A rukuninmu muna yara akwai wani ɗan maƙwabtanmu da iyayensa suka zo ciniki daga wajen Kandi. Ran da ya fara shiga ruwa babban cikinmu ya danne shi sau uku, da ƙyar wani masunci ya ƙwace shi yana amai. Bai faɗa wa kowa a gida ba, kuma daga ranar ko ƙafa bai ƙara sawa a kogi ba. Yau magidanci ne mai fatauci tsakanin kasuwarmu da Gaya. Da aka rufe gada a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, jama'a suka koma ƙetarewa da kwalekwale, shi ma dole ya shiga don neman abincin iyalinsa. Ya gaya mini cewa idonsa a rufe yake har a kai ɗaya gaɓar. Wasan minti biyu ya raba shi da abin da zai iya ceton ransa.

Kada mu ɗauka maganar ƙarama ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 300 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar faɗakarwa kan nutsewa a ruwa. Abin da ya sa cin zalin ruwa ya fi na tudu muni shi ne, mai nutsewa ba ya iya ihu, don bakinsa na neman numfashi ne. Sauran yara na ganin yana wasa da hannu, alhali ƙarfinsa na ƙarewa.

To, ina mafita? Hana yara zuwa kogi ba magani ba ne, za su je a ɓoye, kuma in wani abu ya faru tsoron bulala zai rufe musu baki. Mu dubi Argungu, inda ake gasar iyo da nutso da tseren kwalekwale a lokacin bikin kamun kifi. Can ruwa yana da mai shi, Sarkin Ruwa ke tsaye a kansa, ba wanda ke yin yadda ya ga dama. A ƙasar Bangaladash kuwa shinge na gora suke kafawa a wuri marar zurfi, su sa wani matashin gari da aka horar ya koyar da yara kaɗan-kaɗan. Mu ma muna da Sarkawa da masunta da suka san kowane gurbi na wannan kogi. Me zai hana masu unguwanni su zauna da su, a zaɓi wurin wanka ɗaya da lokaci ɗaya, a sa babba guda ya tsaya? A ajiye doguwar sanda da jarka marar komai da murfinta a ɗaure, don a miƙa ko a jefa wa wanda ruwa ya rinjaya. Doka ta zama ɗaya: ba mai taɓa kan ɗan'uwansa a cikin ruwa, wanda ya karya a hana shi shiga na mako guda.

Ku kuma iyaye, ku riƙa lura. Yaron da ya dawo ba riga, ko ya daina bin abokansa haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Ku tambaye shi a hankali, kada ku fara da duka ko ku ce masa ai namiji ba ya kuka. In ya dawo yana tari ko numfashinsa na sarƙewa bayan ya sha ruwa, a kai shi asibiti nan take. Sannan a je wa iyayen mai cin zalin cikin mutunci, tare da mai unguwa ko malamin makarantarsu. Sau da yawa shi ma haka aka yi masa yana ƙarami. In aka tsawata masa, aka kuma ɗora masa amanar ƙanana biyu ya koya musu a gaban babba, sai ka ga ya zama mai tsaronsu.

Ɗa na kowa ne. In ka wuce ta bakin kogi ka ga ana danne yaro, tsaya ka tsawata, ko da ba ka san gidansu ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya kare su daga sharrin ruwa, amin.