Ruwan Masu Aiki

Ku matso in faɗa muku abin da ke damuna, tunda mu mata ne mu kaɗai. Kwanan nan na ji wata tana cewa ita ba ta ga dalilin ba wa birkila da leburorinsa ruwa ba, ai kuɗi ta biya su, su saya da kansu. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Ku tuna Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Mutum yana kwaɓa siminti tun hantsi, yana ɗaukar bulo a ka yana hawa tsani, gumi na zuba har rigarsa ta yi fari da gishiri. Wannan gumin ruwan jikinsa ne ke fita, in bai mayar ba jiri zai ɗebe shi, kuma a saman gininki yake. Jakar fiyawota ɗaya leda 20 ce a ciki. Nawa take, in aka kwatanta da buhun siminti ɗaya? Ko ruwan randa mai sanyi ma ya wadatar.

Iyayenmu a ƙauye ba su taɓa yin wannan muhawara ba. In an kira gayya a gona, mai gona ya san fura da kunu a wuyansa suke, matan gida tun asuba suke kan murhu. Kuɗin aiki daban, shayar da wanda ya shigo gidanka daban. Ni a wurina ruwa haƙƙi ne. Kunun zaƙi ko zoɓo kuwa kyautatawa ce, in akwai hali a yi, in babu ba laifi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kofi. Wasu gidajen sai a ɗauko tsohon gwangwani ko kofin da ya tsage, a ba yaro ya miƙa musu a zaure. Haba, 'yan uwa! Mutumin nan magidanci ne, wataƙila ya girmi maigidanki. A wanke kofin kirki a ɗora a faranti.

Kuma don Allah kada a zare kuɗin ruwan daga ladansu da yamma. In azumi ne, a ƙulla musu ƙanƙara da kunun tsamiya su tafi da shi, don da yawansu a hanya magariba ke riskarsu.