Ƙuru da babur a hanyar Tasawa zuwa Mayahi

Wanda duk ya tsaya bakin kwalta a Tasawa ranar kasuwa zai ga abin da dokin ƙasar nan yake fama da shi. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa garin, kuma tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a shekarar 2011 tankokin mai suka ƙaru a kan manyan motocin albasa da na wake da aka saba gani. Cikin wannan hayaniya ne mutumin ƙauye yake jan ƙurun da ya saya, ɗan gajeren doki da bai taɓa jin ƙarar inji kusa da kunnensa ba, yana so ya kai shi gida lafiya.

Mutanen nan ba baƙin doki ba ne. A gundumar Tasawa akwai gari mai suna Hawandawaki, kuma ba a hawan salla a ƙofar fada sai da sukuwa. Sai dai dokin da ya saba da ganga da algaita yana iya zabura don leda ta tashi a gabansa. Dalilin yana cikin halittarsa. Idanun doki a gefen kai suke, yana hangen kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa. Abin da ya ɓullo daga can da sauri kuwa, a wurinsa kura ce, kuma gudu ne maganin kura.

Shi ya sa masu dawaki na gargajiya ba su gaggawa. Da farko akan kafa wa ƙurun turke can nesa da hanya, inda zai ji motoci suna wucewa yana cin harawarsa. Bayan kwanaki a matso da turken. Idan ya bar ɗaga kai don ƙarar mota, sai a fara jansa da ragama, mutum yana tsakaninsa da hanya, tsohon doki mai sanyin hali yana gaba. Wannan tsohon doki shi ne malamin gaskiya, domin ƙuru ya fi yarda da ɗan'uwansa a kan maigidansa. Akan bi da shi hanyar tafiya da dawowa, saboda abin da ya saba gani ta dama yakan zame masa baƙo idan ya ɓullo ta hagu. Sai bayan duk wannan ake ɗaura sirdi, a fita kilisa da sassafe, kafin kwalta ta yi zafi. Dawakan nan ba a sa musu takalmin ƙarfe, kwalta kuma tana cin kofato, saboda haka gefen hanya ake bi. Bulala dai ba ta da aiki a nan. Dokin da aka doka lokacin da mota take wucewa, ya haɗa motar da zafin dukan ke nan, gobe tsoronsa ya zama biyu.

Idan aka bar Tasawa aka doshi Mayahi, arewa maso yamma, lamarin yakan sake. Ƙasar rairayi ce, ga gawo jefi-jefi cikin gonaki, har a gangara Gulbin Kaba, kwarin goriba inda mata suke samun kabar saƙa tabarma da igiya. Hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka matsattsu ne, amalanken shanu ne suka fitar da su. Mai karatu zai zaci nan ne doki yake hutawa. A ganinmu nan ne hatsarin ya fi. Babbar mota a kan kwalta tun daga nesa ake jinta, kuma ba ta barin hanyarta. Babur kuwa, musamman na ƴan kabu-kabu da suka cika karkara, ba ya iya tafiya a hankali cikin rairayi, sai ya ɗauko gudu don kada ya kafe. A watan Agusta, lokacin da gero ya fi mutum tsawo, mahayi da mai babur ba su ganin juna sai sun yi kiciɓis a kan kwana. Sau da yawa kuma yaro ne a kan ƙurun, an aike shi rijiya ko gona, ba sirdi ba likkafa.

Domin haka wasu sukan tada babur a tsakar gida kusa da turke, a bar shi yana ƙugi ana ba ƙurun dusa, har ya kai ga sansana shi. Dabara ce mai kyau, amma rabin aikin ne kawai. Sauran rabin yana hannun masu tuƙi, kuma da yawa daga cikinsu ƴan kasuwa ne masu bin kasuwannin mako da ma'aikata masu fita rangadi. Akasarinsu da sun hango doki sai su danna ham, wai suna gargaɗi, alhali ham ɗin ne yake sa shi tsalle ya faɗo tsakiyar hanya. Abin da mahayi yake bukata kaɗan ne: a rage gudu tun daga nesa, a ba shi fili, a dubi kunnuwan dokin. Idan ya miƙe wuya, kunnuwa suna rawa, sai a tsaya a kashe inji, a bar mahayin ya karkata kan ƙurun wajen motar ya dube ta sosai, sa'an nan ya wuce.