Ƙarfi Ba a Damtse Yake Ba

Ni dai a Sabon Garin Gusau aka haife ni, kuma sana'ar mahaifina faskare. Motoci su kawo itace daga wajen Tsafe da Bunguɗu, shi kuwa ya yini yana farfasa wa masu tuwo da masu burodi. Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa ɗalibai, da na shiga makaranta sai na fara jin kunyar gatarin nan.

Wani dogon hutu na sami aikin ɗaukar wa manya jakar sanduna a wani filin ƙwallon lambu, wato golf. Wasa ne da ya yi ƙarfi a Sikotlan, inda filin Sent Andurus ya tsaya kan ramuka 18 a 1764. Turawa suka kawo mana shi, har suka buɗe filin Rayfield na Jos a 1913. Ba a yarda ɗan wasa ya riƙe sanda fiye da 14 ba, ƙwallon kuwa nauyinta bai cika giram 46 ba. Na ce a raina, wannan 'yar aba ce za ta gagari ɗan mai faskare?

Ran nan da yamma na ari sanda, na damƙe ta iya ƙarfina, na kai duka. Sai ƙasa ta tashi, ƙwallo tana nan tana kallona! Na yi ta yi har kwana uku. Rana ta huɗu na tashi da ciwon baya, ko ruku'u ban iya yi sosai. Ga shi kuwa wani tsoho siriri yana aika ta nesa kamar da wasa. Aiki ya gagara, na koma gida, kuɗin da na ƙwallafa wa rai na sayen littattafai suka bi ruwa.

Ina jinya a ƙofar gida, sai na tsura wa Baba ido yana aiki. Ya kafa ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗaga gatari a hankali, sa'an nan jikinsa duka ya sauko da shi. Itace ya dare. Na ba shi labarina, ya yi dariya ya ce, "Yaro, ba hannu ka faskare ba, ƙugu ka yi. Hannu ɗan aike na. In ka matse ƙota, kai za ta sara."

Ashe abin da masana wasan ke koyarwa ke nan. Shahararren ɗan wasan Amurka Ben Hogan ya bayyana a littafinsa na 1957 cewa ƙugu ne ke fara sauko da sanda. Ƙarfi daga ƙasa yake tasowa, ya bi ƙafafu, ya shiga ƙugu, ya hau ƙirji, ya bi hannuwa, kan sanda ne na ƙarshe. Idan na-dama ya ja sanda baya, kafaɗunsa su juya sosai, ƙugu ya juya kamar rabin haka, nauyi ya karkata ƙafar dama. Wajen saukowa nauyi ya koma ta hagu, ƙugu ya buɗe, wuyan hannu ya jira sai dab da ƙwallo ya saki. Wanda ya fara da hannu ya yanke wannan jeri, gadon bayansa ne zai biya bashin. Ku duba ɗan dambe in zai kai bugu, ko mace a bakin turmi, duk haka ne.

Hutu na gaba na koma, na sassauta riƙo, na bar ƙugu ya ja gaba. Ƙwallo ta tashi har na nemi inda ta faɗa na rasa. Ban zama gwani ba, amma bayana bai sake ciwo ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara nawa ina tsallake malamina a ƙofar gida, sai da na ga karatunsa a littafin Bature na yarda ilmi ne. Mu da ke jami'a, wane karatun kuma muke tsallakewa?